Kada Ka Hutar da Ni

Birnin Kebbi

Zuwa ga Mai Sunan Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a kan hanya, Ya sa inda ka dosa ya zame maka alheri, mu ma mu ci albarkacinsa.

Na san za ka yi mamakin samun takarda daga wadda katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinta da naka. Ka yi haƙuri da ni. Kai ne ɗan fari, har sunanka ban taɓa kama shi da bakina ba, balle in zaunar da kai in zuba ido cikin naka in yi doguwar magana. Haka aka rene mu. A kasuwa ina iya tsayar da ƙaton direba da baki kawai har ya sauke kayan da ya riga ya ɗaure, amma a gabanka ba na wuce “to” da “Allah Ya yi albarka”. Na lura ka fara ɗaukar wannan “to” ɗin a matsayin yarda. Shi ya sa na ɗauko biro. Bokona bai wuce firamare ba, amma ya ishe ni in faɗi abin da ke raina.

Labari ya riga babur ɗinka isowa gida. Ka je tasha ka sami Ɗanladi direba, mai kai ni Argungu sarin kifi, ka ce masa daga yanzu in na zo ya ce mini mota ta cika. Daga can ka biya wurin Hajiya Asabe, maƙwabciyata a layin ’yan kifi, kana kewaye-kewaye kana tambaya ko ta san mai neman rumfa. Yanzu kai a kasuwa za ka yi sirri? Kafin ka kai bakin ƙofa mai barkono ta sani, mai niƙa ya sani. Asabe da kanta ta leƙo tana dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Kulu, ɗanki ya zo sayar da ke, amma bai yanke farashi ba.” Sauran kuma ƙanwarka Luba ce ta ƙarasa mini. Wai ka ce ɗaya cikin biyu: ko in bar kasuwa in koma ɗakin da ta gyara mini a gidanta na unguwar Gesse, ko kuwa ka fasa zuwa aikin ban-ruwan da ka samu a Taraba, ka zauna kana gadina.

Duk wannan don na zame a bakin gulbi na gurɗe hannu. Ranar ba ni kaɗai laka ta kayar ba. Wani saurayi mai ɗauke da kwando ya riga ni zuwa ƙasa, har wandonsa ya yage, ban ji an ce a kai shi Gesse ba.

Kafin in yi maka faɗa bari in faɗi gaskiya: na ji daɗi. Da Asabe ta gama dariyarta sai ta ce nata ’ya’yan ko kwana za ta yi a cikin laka ba mai sani. Ni kuwa na haifi wanda zai ajiye aikin da ya daɗe yana nema saboda hannuna ya kumbura. Na ga shekarun da ka yi bayan ka gama makaranta kana yawo a fadamar Zauro kana gyara wa manoma injin ban-ruwa, wani ya biya, wani ya ce sai an yi girbi. Ba ka taɓa zama a gindin bishiya kana zagin gwamnati ba. Ranar da takardar aikin nan ta zo, sai da na sa duk layinmu suka sani, har da waɗanda ba su tambaya ba. To amma kirkin nan naka ya dosa inda nawa ya taɓa dosa, kuma na san abin da ke can. Ka saurara.

Kai ka san kakarka Inna Tumba a Zauro, tsaye kan ƙafarta, tana tsokanarka tana ce maka angonta marowaci. Akwai wani yanki na rayuwarta da ba ka sani ba, don lokacin kana ƙarami.

Inna gumin shinkafa take yi tun ban san kaina ba. Ta jiƙa, ta turara a duro, ta kwashe ta baza a rana, tana bi tana motsawa da ƙafa, in ta bushe a kai inji. Aiki ne na hayaƙi da tsugunno. Da kasuwa ta fara buɗe mini, na yi ɗan gini a nan birni, abin da ya fara zuwa raina shi ne in hutar da ita. Malam mahaifina, wanda ka ci sunansa, ya riga ya rasu. Shekarunta a lokacin ba su fi nawa na yanzu ba. Kowa ya san abin da ake faɗa a wajenmu: ’yar albarka ba ta barin uwarta a bakin wuta. Na ɗauki mota na je na kwaso ta. Duronta na ba wata maƙwabciya, tabarmin shanya na rabar. Na sa ta a ɗaki mai fanka, na saya mata katifa mai kauri da talabijin. In ta ɗauki tsintsiya a karɓe. In ta nufi murhu a ce Inna zauna. Ko butar alwala miƙa mata ake yi tana zaune. Mata suka yi ta zuwa gani suna cewa Kulu ta gama da duniya lafiya, ni kuma ina gyara ɗaurin ɗankwali.

Da fari ta yi ta ƙorafi, na ce rashin sabo ne. Daga baya ta daina ƙorafin, na ce to ta saba. Ashe ba sabo ba ne. Matar da ke ɗaga masakin jiƙaƙƙiyar shinkafa ita kaɗai ta koma sai ta dafa bango za ta tashi. Ƙafafu suka kumbura. Tuwon da take cinye malmala biyu ta koma ta taɓa ta ture. Barci da rana, ido biyu in gari ya yi shiru. Ta fara tambayar wace rana ce yau, a faɗa mata, an jima ta sake tambaya. Ni da nake taƙama ba a yi mini rufa-ido a ciniki, ban taɓa tsayawa na ce to me zai sa ta riƙe ranaku ba, tunda Litinin da Alhamis duk kamarsu ɗaya a ɗakin nan. A Zauro ta san ranar jiƙo, ta san ranar turare, ta san ranar da masu sari ke zuwa. A gidana ba abin da ke jiranta. Duk wanda ya zo dubiya sai ya girgiza kai ya ce tsufa ne, ni ma in ce tsufa ne, har ina gode wa Allah da na ɗauko ta a kan kari, kafin abin ya kama ta a ƙauye.

Ga abu na farko da nake so ka riƙe. Jiki ba kuɗin adashi ba ne da za a ce in an rage taɓa shi zai daɗe. Na ga akasin haka da idona. Ƙafar da aka hana tafiya ita ke fara mutuwa, kan da aka hana lissafi shi ke fara ruɗewa. In ka ga dattijo yana aikin da ya saba, ka rage masa nauyin, ka gyara masa wurin zama, ka sama masa mai ɗauko masa abu mai nauyi. Amma kada ka karɓe aikin ɗungurungum ka ce gata ka yi masa.

Ana cikin haka idonta ya fara hazo. Ta zuba ruwa gefen kofi, ta gaida ƙofa tana zaton mutum ne. Na yi niyyar kai ta asibiti, sai Kawu Sa’idu, yayan Inna, ya zo. Ba za ka tuna shi ba. Dogo ne, gemu fari tas har ƙirji, in yana magana kamar yana karanta ta daga allo. Ya ce idon tsoho ba a taɓa shi, fitila ce mai ya ƙare, in aka kai wa likita ƙarasa shi zai yi. Ya kawo sunayen mutanen da aka yi wa aiki suka makance, ba wanda na sani a cikinsu. Na yarda. Ba don hujjarsa ba, don gemunsa.

Abin da ke ba ni haushi har yau, ni fa na riga na san gemu. A bakin gulbin Argungu akwai wani tsoho da na taɓa sarin banda a wurinsa, carbi ba ya barin hannunsa, kowa Baba yake ce masa. Ya jera mini tarwaɗa masu sheƙi a saman kwali, ƙasan kuwa duk wadda ta kwana ta fara wari ce aka sake bi da hayaƙi. Da na koma masa, ko kunya, ya ce ai shi ido ya yi rauni. Tun ranar na san wanda ya yi ha’inci yana saurayi, in ya tsufa tsohon maha’inci zai zama, sai dai ya ƙara ƙwarewa. Na san wannan a kan kifi, amma da aka zo kan idon uwata sai na manta. Kawu Sa’idu ba mugu ba ne, bai dai san ido ba, kuma shekarunsa ba su koya masa ba. Saboda haka inda za ka, ka girmama furfura, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ba ta wurin zama. Amma in magana ta zo kan abin da ake iya dubawa, ka duba. Har ni mai rubuta maka, kada ka yarda da maganata don na haura sittin. Ka auna ta ka gani ko ta cika mudu.

Abin da ya fitar da Inna daga ɗakin nan ba dabarata ba ce. Suna aka yi a Zauro bayan girbi, jikar ƙawarta ta haihu, ta ce ko a kwando ne sai an kai ta. Muka kai ta kusan a ɗauke, aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa. A tsakar gidan tsofaffin abokan aikinta sun baza shinkafar da suka turara. Ina can ina gaisawa da mutane, da na waiwayo ba ta kan tabarma. Ta ja jiki har bakin shanyar, ta zauna dirshan, tana cusa hannu cikin shinkafar tana juyawa, suna ta hayaniya da ita, suna yi mata tsiya wai matar birni ta zo ɓata musu aiki da hannunta mai laushi. Na ji tana ramawa. Rabon da in ji wannan muryar har na manta.

Da la’asar direba ya ce mu tafi. Na je na kama hannunta, ta fizge.

Ta ce, “Ba ni zuwa. Ki tahi da motarki.”

Na rage murya na ce Inna mutane na kallo, me na rage ki da shi?

Ta ce, “Ba ki rage ni da komi ba. Gidanki akwai daɗi. Amma can ba mai biɗar komi wurina. Tun sahe har dare ba wanda za ya ce Tumba zo ki duba min wanga abu. In gawa kike so ki aje, ki jira in mutu tukuna.”

Na dawo birni ni kaɗai ina huci. Kuma bari in gaya maka abin da ya fi ci mini rai a cikin motar nan, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce. Ba lafiyarta nake tunani ba. Bakin mutane nake ji: Kulu na da rumfa da gida, uwarta na shaƙar hayaƙi a ƙauye. Ashe rabin hutun da na ba ta, sunana nake wa ado da shi. Kai ma ka tambayi zuciyarka a hankali, ba sai ka ba ni amsa ba. Cikin wannan shiri naka, nawa ne don ni, nawa ne don kada abokanka su ce injiniya guda uwarsa na warin kifi? In akwai ko kaɗan, ba laifi, jinina ne a jikinka. Amma ka san da shi.

Ba zan ce maka Inna ta koma yarinya ba. Ba ta sake ɗaga masaki ita kaɗai ba. Na saya mata ƙaramin duro, matar ƙanena tana kama mata abin da ya yi nauyi. Amma kafin wata damina kumburin ƙafa ya saɓe, ta koma cin tuwonta, ta koma faɗa da masu sari a kan awo. Matar da ke tambayar wace rana ce ta koma tuna mini ranar da na yi alkawarin zuwa ban zo ba.

Idon ma ita ta matsa. Wata ƙawarta aka yi wa aiki ta dawo tana zura zare a allura, Inna ta aiko a gaya mini ko in zo in kai ta ko ta sayar da akuyarta ta kai kanta. Likita ya duba ya ce yanar ido ce, kuma abu ne da ake cirewa, ya tambaye ni me ya sa muka bari ta daɗe haka. Ban ce masa Kawu Sa’idu ba, na dai sunkuyar da kai. Ranar da aka cire mata bandeji ta ɗaga kai ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta daɗe tana kallo. Na zaci addu’a za ta yi mini. Sai ta ce, “Ashe haka kika yi ƙiba, ba wanda ya gaya min?”

Shekarun da ta yi a cikin hazo a banza ta yi su. Wannan shi ne na biyu, ko na uku, na daina ƙirgawa: ciwo daban, tsufa daban. Mutanenmu sun mai da kalmar tsufa kamar babban buhu, duk abin da ba a son wahalar dubawa sai a jefa a ciki. Ido, tsufa. Kunne, tsufa. Jiri, tsufa. Mutum ya yi shiru ya daina cin abinci don kaɗaici, tsufa. Ranar da aka kira ka aka ce ba ni da lafiya, kada ka yarda a ce maka jikin girma ne. Ka ce a kai ni a duba, a gaya maka sunan ciwon. In yana da magani a ba ni. In ba shi da shi, to sai mu ce Allah Ya sa kaffara ne.

Saura guda, ita ce ta fi ba ni kunya a lokacin, yanzu kuma ita ta fi ba ni dariya. Da ido ya buɗe, ashe ba shinkafa kaɗai ya gani ba. Akwai Malam Bawa mai gyaran koma, matarsa ta rasu, kullum yana zaune a ƙofar gida da zare da ragar masunta a cinya. Sai ga ƙanena ya zo birni yana sosa ƙeya, wai Malam Bawa ya aiko neman Inna, kuma Inna ba ta ce a’a ba. Auren ɗauki-sandarka za su yi, tana ɗakinta, shi ya riƙa zuwa. Na tashi kamar zan tashi sama. Na je Zauro na ce mata da jikoki da komai, me za ta yi da aure, so take a yi da mu a gari? Ta bar ni na gama tas, tana tauna goro.

Ta ce, “Ke in kin koma gida kina da mai ce miki sannu da rana. Ni da wa za ni gardama? Da akuya?”

Aka ɗaura. Na ƙi zuwa, na aika da atamfa don kada a ce. Kai kuwa da aka kai ka hutu ta ce maka ka yi sake an ƙwace maka mata, ka yi ta kuka kana neman sanda. Malam Bawa da ka sani kana ce masa Kaka, to ta haka ya shigo gidan. Sun yi shekaru masu yawa suna gardama a kan gishirin miya da kan wanda ya fi wani tsufa. Shi ke tuna mata magani, ita ke ɓoye masa taba. Ban taɓa ganin ta cikin walwala irin ta waɗannan shekarun ba, har da zamanin mahaifina, Allah Ya jiƙansa, shi mutum ne mai shiru.

An ɗauka in mutum ya manyanta zuciyarsa ta rufe shago, ba ya son hira, ba ya son a yaba masa sabon zane, carbi kawai da jiran kira. Ƙarya ce. Carbin muna ja, kiran ma muna sane da shi fiye da ku, amma kafin ya zo muna son a yi dariya da mu. Kuma tunda maganar ta kawo nan, mahaifinka ya daɗe da rasuwa, na yi masa takaba, ina yi masa addu’a kullum. Akwai wani Alhaji mai sayar da ƙanƙara da gaisuwarsa ta fara tsawo a bakin rumfata. Ban ce komai ba, ban kuma ce akwai komai ba. Na dai gaya maka ne don in wata rana labari ya iske ka a Taraba, kada ka tsuke fuska irin yadda na tsuke.

Kada ka ɗauka musun tsufa nake yi. Yana nan, ina jin sa. Gwiwata na faɗa mini hadari kafin a ga gajimare. In na tsuguna sai na yi shawara da ƙafafuna kafin in tashi. Jinina yana hawa, ina shan ƙwayarsa kowace safiya, kuma ba wanda yake tuna mini. Amma hancina bai tsufa ba, daga nesa nake gane bandar da aka yi da itace mai kyau. Kaina bai tsufa ba. Wayar nan da kuka ce ba zan iya ba, yanzu da ita nake ciniki da masunta tun kafin su fito daga ruwa, har Asabe nake koya wa tura murya. Kuma akwai abin da na samu yanzu da ban da shi ina da shekara talatin: ba na tsoron a ce. Mai saye ya yi fushi ya tafi, na san zai dawo. Kaya su yi kwantai, na san ba ƙarshen duniya ba ne. Ba wanda ya taɓa gaya mini girma na da irin wannan daɗin, kowa ciwon gwiwar kawai yake ba da labari.

Inna da kanta ta san ranar da ya kamata ta bari. Da hannunta ya fara rawa sosai, ta kira matar ƙanena ta ce ɗauki duron nan naki ne, ta koma gefe tana ba da umarni, wanda dama shi ta fi so. Ba wanda ya karɓe mata, ita ta miƙa. Bayan nan ta ƙara ’yan shekaru, ta yi jinya gajera, Allah Ya karɓi abarsa. Ni ma haka nake so. In lokacin ya zo zan sani. In kuma na kasa sani, Asabe ba ta iya ɓoye magana ko an biya ta, Luba kuma tana nan kusa, na ba su izini su faɗa mini a fuska.

Don kada ka ce ban ba ka komai ba, ga abin da na yarda da shi. Na daina sauka gangaren nan mai laka, a sama zan tsaya a hauro mini da kaya. Ba zan ƙara ɗora kwali a kai ba. Zan riƙa zuwa awon jini ba sai Luba ta yi mini magiya ba. Wayata za ta kasance a jikina, in ka kira zan ɗauka, ko da kuwa “to” kawai za ka ji. Ɗakin Gesse ku bar shi a share, zan riƙa zuwa in kwana in ga jikokina in dawo. Rumfata kuwa ba ta sayarwa ba ce.

Yanzu ka dubi naka ɓangaren, don shi ne ya hana ni sukuni har na zauna rubutu. Ka ce in ban bar kasuwa ba za ka zauna. To ka zauna ka yi me? Ni da safe zan fita. Kai ne za ka rage a gida. Abokan karatunka za su yi gaba, hannunka zai manta abin da ya koya, za ka fara barcin rana, ka fara jin haushin kowa ba ka san dalili ba. Wata rana ka dube ni ina dawowa daga kasuwa da ƙarfina, ka tuna abin da ka ajiye domina, kuma ba za ka iya faɗa ba don kai ɗan kirki ne, sai dai ya zauna maka a ƙirji. Na ga abin da zama ya yi wa mace mai ƙarfi da ta riga ta ci rabin duniyarta. Ba zan tsaya ina kallo ya yi wa wanda bai fara cin tasa ba, kuma a ce da sunana aka yi.

Saboda haka ba shawara nake ba ka a nan ba. Ban cika ba ka umarni ba tun kana yaro, yau na ba ka: ka tafi.

Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka ci abinci, kada ka ce aiki ya yi yawa. Garin da za ka ba garinku ba ne, ka fi yawan saurare kafin ka yi magana. In ka tarar da tsofaffin ma’aikata a wurin, kada ka ɗauka sun ƙare, kada kuma ka ɗauka duk abin da suka faɗa daidai ne. Ka zauna da su, za ka gane wane ne wane.

Ranar tafiyarka ba zan raka ka tasha ba, kada ka sa rai. Ba na son ’yan tasha su ga fuskata a irin wannan ranar, ina da mutunci a wurin. Ka shigo ɗaki da jakarka, ka durƙusa, in ɗora hannuna a kanka. In na ɗauke hannun ka tashi ka fita, kada ka tsaya jiran in ce wani abu, ba zan iya ba. Duk abin da zan ce yana cikin takardar nan.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sauke ka lafiya. Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin hanya da na ruwa da na baki. Ya sa ka ga furfurarka kana tsaye kan ƙafarka, Ya ba ka ’ya’yan da za su damu da kai yadda ka damu da ni, Ya kuma ba ka bakin da za ka ce musu a’a.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajiya Kulu mai kifi